Komai Hagu Yake Ja

Ba zan taɓa mantawa da wata Asabar a Sabon Tasha ba, ko da na so in manta, don har yau akwai masu tuna mini. Amma kafin in kai ku can, bari in gaya muku ko ni wane ne a lokacin, in ba haka ba ba za ku gane daga tsayin da na faɗo ba.

Ni ma'aikacin gwamnati ne, ina zaune a unguwar Television a Kaduna, ɗaki ciki da falo. In na taso daga ofis ba na zama a majalisa, ba na zuwa gidan kallo, gem kawai nake bugawa, wato wasan bidiyo. Kuma ban tsaya a bugawa ba, har sharhi nake yi. Muna da wani zaure a waya, mu 'yan gem na wannan tsallaken kogin, duk Lahadi in an taso daga coci sai in saki musu saƙon murya mai tsawon minti goma sha biyu a kan wasan da na buga a makon. Ba wanda ya sa ni. Suka laƙaba mini Farfesa (na ɗauka girmamawa ce, sai daga baya na fara zargin wani abu daban).

Ba don in yabi kaina ba, wasu abubuwan da nake faɗa gaskiya ne, har gobe ina kansu. Wasan ƙwallon nan da kowa ke mutuwa a kai, na ce ba shi da na biyu wajen fasin; in ka zura ƙwallo ta tsakanin 'yan baya biyu har a ƙirjinka za ka ji daɗin. Amma masu yin sa ba su da ta ido, duk shekara riguna kawai suke sauya wa 'yan wasa su ce sabo ne, mai sharhin ciki kuwa jimla biyar ya haddace yana ta juya su. Wasan tseren mota na yaba masa ƙarar inji da yadda ruwan sama ke gangarowa a gilashi, amma na ce wanda ya yi shi bai taɓa shiga garejin fanel bita ba: ka daki bango a guje, motar ta fito sumul kamar yau aka sauke ta. Wasan harbe-harben da ake watsa mutane a tsibiri kuwa, na ce ya fi kowanne koya wa mutum aiki da abokai, sai dai ya sha data kamar rijiya, kuma in sabis ya yi tsiya sai ka harbi mutum alhali ya daɗe da barin wurin, yana bayanka yana dariya.

Har wani na noma na buga. Na ce yana kwantar da hankali bayan wahalar ofis, amma ƙarya ta yi masa yawa. Masara ta nuna a kwana huɗu, ba tsutsa, ba akuyar maƙwabci, taki kuma kullum akwai shi a shago.

To, duk wannan sharar fage ne. Babban abin da na gano, wanda na ɗauka da shi za a riƙa tunawa da ni, shi ne dukkan wasannin nan suna da aibu guda: komai hagu yake ja. A wasan ƙwallo, in ka saki ɗan baya na daƙiƙa ɗaya sai ya fara zamewa hagu kamar an kira shi. A tsere, mota na miƙaƙƙen titi sai ta nufi shinge. Manomina kuwa sau uku ina barinsa a bakin gona in je in sha ruwa, in dawo in tarar da shi tsundum a cikin tafki.

Abin ya tsaya mini a rai, kuma ni mutum ne da in abu ya ɗaure mini kai ba na iya barinsa. Na fara bincike. Da farko na zargi teburin talabijin, na aro ma'aunin magina, mai ɗan ruwan nan a tsakiya, na auna, na cusa kwali a ƙarƙashin ƙafa ɗaya. Bai daina ba. Na sauya kujera. Na koma zama a ƙasa. Na rufe ido ɗaya na gwada, ko idona ne. Na sayi littafi mai shafi arba'in ina rubuta sau nawa kowane wasa ya ja hagu a cikin minti goma. Na yi tunanin ko don wasu ƙasashen da ake ƙera wasannin a hagu suke tuƙi ne. Na yi tunanin ko da gangan ake yi don kada mutum ya ajiye wasan ya huta. Wannan na ƙarshen ya fi kwanta mini, don yana da ƙanshin makirci, ni kuwa ina son makirci.

Wasa ɗaya tak na wanke daga wannan laifi, wani na dambe da ake naushi da shuri. Na yi masa saƙon murya na musamman, na ce su kaɗai ne suka san aikinsu. (Ku riƙe wannan: shi kaɗai ne wasan da nake bugawa da maɓallan kibiya, ba na taɓa ɗan kan nan mai juyawa da ake murzawa da babban yatsa, wanda muke kira analog. Ni da na riƙe littafin bincike ban lura ba.)

Ba wai ba a yi mini magana ba. Mutum biyu ko uku a zauren sun ce su nasu ba ya yi musu haka. Na ba su amsar da har yanzu in na tuna sai in ji kamar in shige ƙarƙashin gado. Na ce, “Yana yi muku. Hannunku ne ya saba gyarawa ba ku sani ba. Sai mai ido ne ke gani.” Suka sauya magana, ni kuma na ɗauki hakan a matsayin nasara.

Abu ɗaya ne ban taɓa zarga ba, wato fad ɗina, abin da ake riƙewa a hannu a sarrafa wasan. Baƙi ne, shekararsa biyar a hannuna, ya ɗauki siffar tafina. Ba na ba da aronsa, ni ma ba na taɓa na kowa. Ko gidan gem zan je da shi nake tafiya a cikin wata 'yar jaka. Da shi a hannu, da ledar ƙuli-ƙuli mai yaji a gefe, ba abin da nake nema a duniya.

A nan Rifkatu ta shigo labarin. 'Yar Baba Dauda ce, abokin mahaifina tun suna aiki tare a masaƙa a Kakuri. Da masaƙar ta tsaya, Baba ya koma Kakau ya kama noma, ita kuma tana zaune wurin gwaggonta a Sabon Tasha. Ta gama karatu, aiki bai samu ba, sai ta duƙufa koyon rubuta manhaja a wani tsohon laftof da sai an danne wayar cajinsa da dutse yake kamawa. Tana cikin zaurenmu, ba ta cika magana ba, amma ashe duk saƙonnina tana saurara har ƙarshe. Wataƙila ita kaɗai ce.

Wata rana da yamma ta zo gidana da laftof ɗin, ta ce, “Yaya, na haɗa wani ɗan wasa. Ina so ka duba mini, kai ne ka san waɗannan abubuwan.”

Na gyara zama kamar likita. Ta buɗe, sai ga keke mai ƙafa uku, ruwan ɗorawa, a tsakiyar kasuwar Sabon Tasha. Kai ne direba: ka ɗauki fasinja, ka kauce wa ramuka da masu baro, ka sauke kowa inda ya ce kafin ya fara zaginka. Ga masu tumatir a bakin titi, ga bas ta tsaya a inda ta ga dama. Wallahi sai da na yi dariya da ƙarfi, don ban taɓa ganin unguwarmu a cikin gem ba.

Ta ce nan da kwana goma za a yi baje kolin ayyukan matasa a zauren taro na wani coci, kuma mutum biyun da suka fi burge alƙalai za a ɗauke su horo na wata shida a wani kamfanin manhaja, da alamar aiki a ƙarshe. Ta ce saura abu ɗaya ta gama: tana so hanyar keken ta fita daga kasuwa ta miƙe har Kakau, fasinjan ƙarshe ya sauka a bakin gonar Baba, da bishiyar mangwaron nan da bukkarsa. Ta riga ta ɗauko hotuna. Ta ce, “Zai zo ranar. Bai taɓa gane abin da nake yi da wannan na'urar ba, ina so ya ga gonarsa a ciki.”

Matsalarta ita ce da madannan laftof kawai ta taɓa gwada wasan, ba ta da fad, kuma an ce ranar da fad alƙalai za su buga. Na ɗauko nawa cikin alfahari, muka jona. Keke ya tashi, ya yi tafiyar taku goma, ya karkata hagu ya faɗa kwata.

Na girgiza kai irin na wanda ya ga duniya. Na ce, “Ke ma kin kamu.”

Ta ce, “Amma da madannai yana tafiya daidai fa, Yaya.”

Na ce, “Haka suke duka. Da zarar an jona fad, sai hagu. Manyan kamfanonin duniya sun kasa magance wannan. In kika magance shi, Rifkatu, kin wuce su.” Har littafina na ɗauko na nuna mata, shafi-shafi.

Na ga idonta ya kawo haske, ni kuma na ji kaina ya ƙara girma. Na yi abin da ban taɓa yi wa ɗan Adam ba, na ba ta aron fad ɗin. Kwana tara yarinyar nan ta yi tana farautar ɓarnar da ba ta yi ba. Takan kira ni ta ce ta duba ko'ina ba ta ga kuskure ba, in ce ta ƙara dubawa. A ƙarshe ta gaji, ta yi dabara: ta sa wa wasan umarni cewa duk lokacin da aka jona fad, ya riƙa tura keken dama kaɗan, daidai gwargwadon yadda yake jan hagu. Muka gwada ranar Juma'a, keke ya miƙe ɗoɗar. Na tafa mata, na karɓi fad ɗina na mayar jaka. Na tambaye ta hanyar Kakau fa, ta ce lokaci ya ƙure, sai wani jiƙon. Ta faɗa a hankali, ni kuma ban tsaya na ji nauyin maganar ba, ina can ina shirya saƙon da zan saki a zaure.

Ranar Asabar zauren taron cocin ya cika. Na sa wata riga mai ratsin ja da nake ji da ita, na zauna a layin gaba kusa da Baba Dauda, wanda ya taso tun safe daga Kakau da hularsa ta zuwa coci. An kafa majigi, an ajiye fad sabo fil a kan tebur. Wanda ya kawo kayan shi ne Oga Emeka, mai shagon gyaran waya da gem a bakin kasuwa, mutumin da ya shekara ashirin a Kaduna, Hausa a bakinsa kamar ruwa.

Aka kira Rifkatu ta yi bayani. Shugabar alƙalan, wata mata mai tabarau, ta ɗauki sabon fad ɗin ta danna. Keke ya tashi, ya yi taku goma, ya karkata dama ya bi ta kan masu tumatir. Mutane suka fashe da dariya. Ta sake gwadawa, dama. Ta miƙa wa na kusa da ita, shi ma ya kwashe tumatir ɗin da ya rage. Rifkatu ta tsaya kamar an dasa ta, tana kallon allon, tana kallona.

Mai hankali a nan zai fara tunani. Ni miƙewa na yi.

Na ce, “A yi haƙuri, ranki ya daɗe. Ba laifin wasan ba ne. Fad ɗin nan naku ne ba shi da kyau.” Na zuge jakata, na hau dandamali ba wanda ya gayyace ni, na cire nasu na jona nawa. Keke ya miƙe ɗoɗar, na ratsa kasuwa, na sauke fasinja uku ba ko ƙwarzane. Aka tafa. Da na ji tafi sai na karɓi makirufo, na fara ba su tarihin matsalar hagu tun daga wasan ƙwallo har manomin da ya faɗa tafki, na ce yau ga 'yar Sabon Tasha ta yi abin da ya gagari ƙasashen waje, kuma ina farin cikin cewa da shawarata aka yi.

Ina cikin haka na ji murya daga baya. “Oga, tsaya. Abeg, tsaya. Fad ɗin wa ka ce ba shi da kyau?”

Oga Emeka ne, yana tahowa yana goge hannu a wando. Ya ce, “Jiya na ɓare shi daga kwali. A gaban mutane za ka ɓata mini kasuwa? Kawo naka in gani.”

Na miƙa masa ina murmushi, don na tabbata gaskiya na gefena. Ya rufe wasan Rifkatu, ya buɗe wani ɗan shafi da suke gwada fad da shi: da'ira ce, da ɗigo ɗaya a tsakiya da ke nuna inda analog yake. Ya jona sabon nasa ya ajiye a tebur, ɗigo ya zauna a tsakiya bai motsa ba. Ya jona nawa ya ajiye, ya ɗaga hannuwansa biyu sama don kowa ya shaida. A kan babban allo, a gaban iyaye da fastoci da alƙalai, ɗigon ya rarrafa hagu shi kaɗai ya je ya kwanta.

Ya ce, “Wa ke taɓa shi? Ni dai ba ni ba ne.”

Abin mamaki, abin da na fara ji ba kunya ba ce. Son sani ne. Na matsa kusa da allon ina kallon ɗigon nan, kaina na lissafi da sauri: ƙwallo, tsere, tsibiri, tafki, dukkansu da wannan fad ɗin na buga su. Dambe kuma da kibiya. Shekara biyu na bincike suka warware a cikin daƙiƙa biyar, har na ji bakina ya ce, “Ashe!” a cikin makirufo. Sai bayan nan kunyar ta iso, ta iso kuwa da kayanta.

Oga Emeka bai gama da ni ba. Ya zaro ɗan sukundireba daga aljihun gaba, ya kwance fad ɗin nan da ban taɓa bari ko ƙanena ya riƙe ba, ya karɓi farar takarda a wurin alƙalai, ya kifa shi ya bubbuga. Garin ƙuli-ƙuli ya zubo, ja da yaji, wani ya dunƙule da mai ya zama kamar ƙasa. Ya ƙara bubbugawa, wani ya ƙara zubowa. Baba Dauda ya miƙo wuya daga layin gaba ya duba da kyau, ya ce da muryarsa ta manomi da ba ta san raɗa ba, “Wannan ai ya isa kwaɗon zogale na mutum guda.”

Zauren ya kece da dariya. Na ga wani fasto ya cire tabarau yana share hawaye. Ni kuwa ina tsaye da makirufo a hannu, ban san inda ake ajiye shi ba.

Mutum ɗaya ce ba ta yi dariya ba. Rifkatu ta matso kusa da ni, ta ce a hankali yadda ni kaɗai zan ji, “Kwana tara, Yaya.” Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Abin kirki ɗaya da na yi a ranar shi ne na ɗaga makirufon na ce wasanta lafiyarsa ƙalau tun farko, ni ne na sa ta gyara abin da bai lalace ba, ina roƙon a ba ta minti biyar. Aka ba ta. Ko minti biyu ba ta yi ba ta goge umarnin da ta sha wahalar sakawa, shugabar ta sake ɗaukar sabon fad, keke ya bi titi lafiya. Sun yaba sosai. Amma suka tambaya ina hanyar take ƙarewa, ta ce a ƙarshen kasuwa, suka ce wasan ya yi gajarta. Mutum biyu aka ɗauka. Ita ta zo ta uku.

A waje, muna jiran motar da za ta mai da Baba, ya tambaye ta, “Ina gonar da kika ce zan gani?” Ta ce, “Ban samu na gama ba, Baba.” Ya gyaɗa kai ya ce ba komai, gona tana nan ba inda za ta. Na tsaya a gefe da gutsattsarin fad ɗina a leda, ina jin baƙin cikin da ban taɓa ji ba a kan wani abu da ya shafi gem. Dariyar da aka yi mini ba ta dame ni ba kamar wannan tambayar.

Na bar zauren waya na mako uku. Da na dawo, na tarar an sauya mini suna daga Farfesa zuwa Mai Ƙuli, kuma na karɓa ba gardama. Na sayi sabon fad a shagon Oga Emeka (ya ba ni shawara kyauta cewa in riƙa wanke hannu), na kai wa Rifkatu na ce nata ne. Na sake buga wasannin nan duka a gidan gem da fad na haya, sai na ga 'yan bayan da na shekara biyu ina zagi suna tsaye inda aka ajiye su. Mai sharhin ƙwallon dai har yanzu jimlarsa biyar, a nan ban yi ƙarya ba.

An ɗauki Rifkatu a zagaye na gaba, bayan wata shida. Wata shidan nan a wuyana suke, na sani, ita ma ta sani. Ta gama hanyar Kakau, Baba ya ga mangwaronsa, har ya ce ta rage masa reshe ɗaya. Da ta kawo mini in gwada, ina fita daga kasuwa sai na hangi wani mutum a bakin titi da riga mai ratsin ja, riƙe da leda, yana tafiya yana karkata hagu, yana karkata, har ya faɗa kwata. Ya fito ya koma inda ya faro, ya sake.

Na ce, “Wannan fa?”

Ta ce, “Ba kuskure ba ne, Yaya. Kada ka rubuta shi a littafi.”

Har yanzu ina sharhi ranar Lahadi, sai dai minti uku ne. Kuma in na ga abubuwa biyar daban-daban duk sun karkace ta gefe guda, kafin in kira sunan kowa nakan fara juya abin da ke hannuna in bubbuga shi a kan farar takarda.